Zauren Tambaya: Wai da gaske AI zai haɗa min manhajar shago alhali ban iya kodin ba?

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda na ɗan taɓo maganar haɗa manhaja da taimakon AI a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta zuba kamar ruwan Agusta, har wani ya tare ni a ƙofar masallacin unguwa bayan la'asar da wayarsa a hannu wai in tsaya in duba masa. Na zaɓi biyar, sauran ku yi haƙuri sai wata fitowar. Kamar kullum na cire sunaye na bar unguwa kawai.

TAMBAYA: Salam Malam, ina taya babana tsaron shago a Kasuwar Gumi, atamfa da shadda da leshi muke sayarwa, matsalarmu littafin bashi ne wlh yanzu littafi uku ne a cike kuma sai mutum ya zo ya ce ai ya biya rabi ranar kaza mu yi ta buɗe shafi mu rasa wajen sai a hau rantse-rantse a gaban mutane, Baba kuma baya son faɗa da kwastoma sai ya ce a bar shi da Allah. Toh na ga wani bidiyo a TikTok wani yana rubuta wa AI magana kawai cikin minti biyar manhaja ta fito har da kala, ni sakandare kawai na gama amma ina ɗan taɓa Excel, dan Allah da gaske ne ko irin na masu neman mabiya ne? Daga wani matashi, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da kasuwa. Mai bidiyon bai yi ƙarya ba, manhajar tana fitowa a minti biyar ɗin, abin da dai bai nuna maka ba shi ne halin da take shiga bayan sati biyu a shago irin naku, ranar da Hajiya ta zo ta ɗauki turmi uku ta biya kuɗin ɗaya da rabi ta ce a rubuta sauran, washegari kuma ta aiko yaro da ɗaya wai a canza mata kala.

Bari in fara da ko menene abin. Turawa suna ce masa lo-kod, wato kod kaɗan, kod kuwa shi ne rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, wani kamfanin bincike a Amurka mai suna Forrester ne ya raɗa sunan a 2014, kaga tun ba a san ChatGPT ba, shi da sai ƙarshen Nuwamban 2022 ya fito. Kamar gini ne da bulon da aka riga aka buga. Fom ɗin shigar da bayani, maɓallin ajiyewa, wajen neman suna, ɗaukar hoto, duk an buga an shanya, kai jerawa ce taka. Abin da AI ya ƙaro shi ne ka samu lebura mai zafin nama da ba ya gajiya ba ya neman kuɗin abincin rana, ka ce jera nan ya jera. Sai dai leburan nan bai taɓa taka Kasuwar Gumi ba, kuma yana da wani hali, in bai san abu ba da wuya ya ce ban sani ba, sai ya ƙirƙiro nasa ya miƙo maka da fara'a.

Tunda kana taɓa Excel ni AppSheet zan nuna maka. An kafa shi a 2014, Google ta saye shi a Janairun 2020, aikinsa shi ne ya ɗauki teburin da ka tsara a Google Sheets, wato irin Excel ɗin na Google, ya mayar da shi manhajar waya. Haɗawa da gwaji kyauta ne har mutum 10, kai da Baba da yaran shago kun isa ku gwada ba ku cire ko sisi ba, sai an zo amfani na dindindin ake maganar kuɗin wata.

Amma kar ka buɗe shi yau. Yau ɗauko littattafan nan uku da biro da farar takarda ka zauna. Tebur huɗu kake buƙata. Na kwastomomi, suna da lambar waya da unguwa. Na kaya, atamfa kaza shadda kaza da yadda ake auna kowacce. Na ɗaukar kaya, wa ya ɗauka, me ya ɗauka, nawa, a kan wane farashi, yaushe. Sai na biya, wa ya kawo kuɗi, nawa, yaushe, hannu da hannu ne ko taransifa ko POS, kuma wa ya karɓa a cikinku.

Ka lura ban sa gidan ragowar bashi ba, da gangan na yi. Nan ne kowa ke fara faɗawa, kuma in ka ce wa AI haɗa min manhajar bashi ka yi shiru zai iya ba ka gida ɗaya da za ka riƙa gogewa kana rubuta sabon adadi duk sanda aka kawo wani abu. To ai an koma gidan jiya kenan, rantse-rantsen da kake gudu yana nan tunda da hannunka ka goge tarihin. Duk biya ko na naira 500 ne layinsa daban, da ranarsa da sunan wanda ya karɓa. Ragowar bashin kuwa manhajar ce za ta lissafa da kanta, jimillar abin da mutum ya ɗauka a cire jimillar abin da ya kawo. Ranar da wani ya ce ai na biya rabi ranar kaza sai ka juya masa fuskar wayar cikin ladabi ya gani da idonsa, Baba ma ba sai ya yi magana ba.

Sai abubuwan da ba za su zo wa AI a rai ba sai ka faɗa masa. Turmin atamfa yadi 6 ne kuma ana iya raba shi, shadda da yadi ake yanka ta, in ka ƙyale shi zai ɗauka komai ɗai-ɗai ake sayarwa kamar kwalbar lemo. A kasuwarmu ciniki ake, abin da Baba zai sallama wa tsohuwar kwastoma daban da na baƙo, shi kuma ya saba da shagon da farashi ke manne a jikin kaya. Akwai kuma wani tarko da na ga ya kama mutane da dama: in aka haɗa teburin ɗaukar kaya yana jawo farashi kai tsaye daga teburin kaya, to duk ranar da dala ta motsa kuka ƙara kuɗin leshi, bashin wadda ta ɗauka tun azumi shi ma zai tashi shi kaɗai ba wanda ya taɓa, kuma ba za ka gane ba sai ta zo biya rigima ta kaure. Ka gaya masa ɓaro-ɓaro, farashin ranar da aka ɗauki kaya a kwafe shi a ajiye a layin, kar ya ƙara motsi.

Sannan Hajiya nawa ce a littafinku? Maman wance nawa ce? Kowane kwastoma a ba shi lambarsa ta daban wadda manhajar ke ƙirƙira da kanta, a AppSheet sunan dabarar UNIQUEID, da ita ake ɗaure tebur da tebur ba da suna ba. Lambar waya kuma a ɗauke ta a matsayin rubutu, in ba haka ba Sheets zai haɗiye sifirin farko 0803 ta koma 803.

In ka gama wannan a takarda sai ka buɗe Gemini ko ChatGPT ko Claude, duk wanda ya yi maka, ka rubuta masa kamar kana yi wa sabon yaron shago bayani a ranarsa ta farko. Misali: ina da shagon atamfa, ga teburana huɗu ga abin da ke cikin kowanne, muna ba da bashi ana biya kaɗan-kaɗan, farashi yana canzawa kuma ana ciniki, ina son in haɗa a AppSheet, kafin ka ba ni komai ka fara yi min tambayoyi a kan abin da ba ka gane ba. Wannan jimlar ta ƙarshe kar ka bar ta, ita ke hana shi yi maka kwaɗo da abin da ba ka ce ba. Yana jin Hausa daidai gwargwado, sai dai sunayen tebura ka rubuta su gajeru ba lanƙwasa, Kaya, Biya, Dauka, don kar harafi ɗaya ya rikita maka lissafi.

Gwaji kuma mai sauƙi ne. Zaɓi kwastoma goma daga tsohon littafi, masu rikitaccen lissafi ba masu sauƙi ba, ka shigar da su, ka ɗauki kalkuleta ka buga da hannu ka kwatanta. In ɗaya ya saɓa kar ka wuce sai ka gano dalili. Littafin kuma kar ka kuskura ka ce wa Baba a ajiye shi, ku tafi da su biyun wata guda cur ana rubutawa nan ana shigarwa can, shi da kansa zai fara cewa duba min a wayar nan.

TAMBAYA: Barka da aiki Yaya. Na gama HND ɓangaren akanta a Kaduna Poly, na dawo daga bautar ƙasa yau wata takwas kenan ina zaune sai ɗan lesin da nake wa yara da yamma, wata ƙawata ta ce in koyi Power Apps wai ana samun aiki da shi, wani ya ce Bubble ya fi, wani kuma ya ce duk ɓata lokaci ne tunda AI zai yi komai, ni dai kaina ya kulle. Wanne zan kama? Kuma laftof ɗina tsohuwa ce batirin baya yin minti ashirin. Daga wata baiwar Allah, Kawo.

AMSA: Ƙanwata, wanda ya ce miki ɓata lokaci ne ki tambaye shi manhaja nawa ya taɓa miƙa wa wani aka yi wata shida ana aiki da ita ba a kira shi da dare ba. Ke ma ba daga sifiri za ki fara ba, kin san shiga da fita, kin san rijistar sito, kin san yadda takardar neman kuɗi ke yawo daga tebur zuwa tebur kafin oga ya sa hannu, kuma wannan ne abin da ke ba masu kodin wahala in an kai su ofis.

Power Apps na Microsoft ne, ya fito a 2016, kasuwarsa ita ce wuraren da dama can da Outlook da Teams da Excel suke aiki, irin su bankuna da manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji. Yaren da ake rubuta lissafi da shi a ciki sunansa Power Fx, an bayyana shi a 2021 kuma a kan salon Excel aka gina shi, saboda haka ba zai yi miki baƙunta ba. A 2023 suka sa masa Copilot, wato AI ɗinsu, ki rubuta abin da kike so ya fitar miki da tebur da fuskokin manhaja. Yana da ɗan'uwa Power Automate, shi ne mai ɗaukar takarda ya kai wa oga ya amince ya dawo da ita. Inda gizo ke saƙar shi ne imel, suna son na wurin aiki ko na makaranta, Gmail ɗinki ba zai buɗe miki ƙofa ba. In kin samu irin wannan imel ɗin akwai tsarin masu koyo na kyauta, darussan Microsoft Learn ma kyauta ne, jarrabawar matakin farko kuma PL-900 ake ce mata, ita ce ta kuɗi, kar ki yi gaggawarta. Bubble kuma tun 2012 yake, ya fi dacewa da wanda ke son haɗa abin da jama'ar gari za su shiga su yi rajista, koyonsa ya fi tsawo. Da ni ne ke, AppSheet zan fara a daren nan da Gmail ɗin da ke hannuna, in riƙa bin darussan Power Apps a gefe, tunda tunanin tsara tebura ɗaya ne a ko'ina.

Abin da nake so ki riƙe shi ne yadda za ki yi da AI ɗin wajen koyo, bari in ba ki labarin kunyar da na sha. Na taɓa haɗa wa wata makaranta manhajar kuɗin makaranta a Power Apps, bayanan suna zaune a SharePoint, wata ma'ajiyar Microsoft, na ce wa AI ya rubuta min lissafin jimillar abin da aka biya, ya rubuta, na kwafa na manna ya yi aiki tsaf, har shugabar makarantar ta sa min albarka. Akwai wata 'yar alama mai kusurwa uku ruwan ɗorawa da ta fito a gefe, na ce ado ne. Ana tsakiyar zango na biyu aka kira ni wai kuɗin da ke banki ya fi wanda manhaja ke nunawa, an ma fara yi wa mai karɓar kuɗi wani irin kallo. Ashe akwai lissafin da Power Apps ba ya iya tura wa ma'ajiyar bayanan ta yi masa, sai ya jawo layi 500 na farko kawai ya yi lissafin a kansu, ko ka je saiti ka ɗaga iyakarsa 2000 ce. Sanda na gwada layi 40 ne kacal a ciki shi ya sa komai ya tafi daidai. Alamar nan da na raina gargaɗin kenan take min, a rubuce yake a littafinsu, ni ne ban karanta ba. Sai da na je har gida na ba mai karɓar kuɗin haƙuri.

Tun daga ranar duk lissafin da AI ya ba ni sai na ce ya warware min shi gaɓa-gaɓa, in tambaye shi me zai faru in layi ya kai dubu goma, me zai faru in an bar gida ba komai, sannan in goge in sake rubutawa da kaina ba kallo. Ke ma haka za ki yi, in ba haka ba za ki shekara kina kwafa da mannawa ba ki iya komai ba.

Laftof kuwa ba matsala, duk waɗannan a burauza suke aiki ba su cin ƙarfin kwamfuta, wuta kawai za ki nema. Ki leƙa CoLab a Barnawa, matasan harkar nan suna taruwa a can, ki kuma sa ido a kan shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta fara a 2023 in sun buɗe ɗiba. Aikinki na farko kuma yana gabanki, yaran lesin nan, wa ya zo wa bai zo ba, uban wa ya biya. Daga nan ki je Islamiyyar unguwarku ki ce za ki yi musu kyauta. Mai ɗaukar aiki in kin miƙa masa waya ya danna ya ga abu na motsi ya fi saurarenki a kan satifiket.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ni uwar adashi ce mu ashirin da huɗu ne duk mata zubin sati-sati muke, 'yata ce ta ce in daina wahala da littafi ta kwafe duk sunayenmu da lambobin waya da lambar akawun ɗin kowa ta zuba wa AI ɗin nan ya tsara mana, ni dai hankalina bai kwanta ba na ce ta dakata sai na tambaya. Kuma za a iya yi kowace mace ta riƙa ganin nata a wayarta? Daga Hajiya, Unguwar Rimi.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ƙara girma. Hankalinki ya yi gaskiya da bai kwanta ba. Lambar akawun da lambar wayar matan nan amana ce suka ba ki don adashi, ba su ba ki don a zuba a wani waje ba, abin da aka rubuta wa AI kuwa a kwamfutocin kamfanin yake sauka a wata ƙasa. Ko a hukumance ma akwai dokar kare bayanan jama'a da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Yunin 2023, da hukumarta NDPC. Kuma ma ba a buƙatar hakan sam. AI siffar teburin yake buƙata ba mutanen ciki ba, 'yarki ta ƙirƙiri layi biyar na wasa, Mace Ɗaya, Mace Biyu, da lambobin bogi, ya tsara a kansu, in an gama sai ita ta shigar da na gaskiyan a teburinku da hannunta.

Ta kuma yi masa bayanin yadda adashinku yake don shi na littafi ya sani. Ta gaya masa mace ɗaya tana iya riƙe hannu biyu, mata biyu suna iya haɗa hannu ɗaya, wata tana iya roƙon a musanya mata ranar kwasa saboda biki ko haihuwa, wata ta kawo rabin zubi ta cika ranar Laraba. Teburin hannu daban da teburin mata, in aka cakuɗa su ranar kwasar mai hannu biyu lissafi zai watse. Ta duba tsarin kwanan wata ma a saitin Sheets, Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, in aka bar shi a nasu 3 ga Afrilu sai ta koma 4 ga Maris, a adashi kuwa wannan kaɗai ya isa raba zumunci.

Maganar kowa ta ga nata, ana yi, amma da imel ake tantance mai shiga, kuma kamfanonin nan kan kowane kai suke caji duk wata, da dala. Mata ashirin da huɗu, nawa ne a cikinsu ke tuna kalmar sirrin imel ɗinsu? Ni a ganina ku ba sai kun kai ga manhaja ba ma. Tebur mai tsafta a Sheets, ke da 'yarki kaɗai ke da izinin taɓawa, duk ranar zubi a tura wa kowa nata lissafin ta WhatsApp ita kaɗai ba a guruf ba, ya wadatar. In an yi zagaye ɗaya lafiya kuna son ƙari sai ku dawo zaure.

TAMBAYA: Malam mu a layinmu netwok sai ka fita bakin titi, wuta kuma ba a magana, sito na siminti nake kula da shi, abin nan zai yi aiki ba data? Daga wani, Rigasa.

AMSA: Zai yi ɗan'uwa, in ka kunna masa saitin aiki ba data. AppSheet yana ajiye kwafin bayanan a cikin wayar, ka yi ta shigar da buhu nawa ya shiga nawa ya fita, in ka fito titi netwok ya kama sai ya tura. Amma haɗa manhajar da hira da AI dole sai da data, wannan ka yi shi inda sabis ke da ƙarfi. Abu biyu ka kiyaye, kar ka goge manhajar ko ka ba yaro ya yi wa wayar wankin ciki alhali akwai abin da bai tafi ba, ya ɓace kenan har abada. Kuma in ku biyu ne kuka gyara layi ɗaya kowa a wayarsa ba netwok, na wanda ya tura daga baya ne zai zauna, shi ya sa a nan ma kowace mota da ta sauke kaya a buɗe mata sabon layi, kar a riƙa gyara adadin da ke sito da hannu.

TAMBAYA: Malam da girmanka, ni shekarata bakwai ina rubuta kod na gaske kuma gaskiya abin da kuke koya wa mutane yana ɓata mana kasuwa, aikin da zan caji mutum kuɗi mai kauri sai ya ce ai ɗan ƙanwarsa zai yi da AI, in ya kwaɓe kuma su kwaso tarkacen su kawo mana gyara suna neman ragi. Ka faɗa musu gaskiya mana abin nan wasan yara ne. Daga wani injiniya, Sabon Tasha.

AMSA: Injiniya ran ka ya daɗe, a sassauta. Tsakani da Allah mai shagon atamfar can na sama da uwar adashi ba kwastomominka ba ne, ba su taɓa zama ba, kuɗin da za ka caje su ya fi bashin da suke bi. Da ba don wannan hanyar ba littafi za su ci gaba da shi har ya yage.

Inda na ba ka gaskiya shi ne abin yana da iyaka kuma masu bidiyo ba sa faɗa. Cajin kan kowane kai da dala yana da daɗi in ma'aikata biyar ne, in suka zama ɗari biyu sai mutum ya ga gara ya biya irinku sau ɗaya. Sheets ma ba ma'ajiyar bayanai ba ce ta gaske, tana da iyakar gidajen da take ɗauka kuma tun kafin a je ko kusa da nan manhaja ta fara jan ƙafa. Wanda ke son jama'a su biya kuɗi ta cikin manhajar da Paystack ko Flutterwave, ko ya ajiye bayanan marasa lafiya, wannan ba aikin ɗan ƙanwa ba ne, ya nemi wanda ya san tsaro. Kuma abin da ka haɗa a AppSheet ko Bubble ba ka iya naɗe shi ka fita da shi ka kafa a wani waje, bayananka kawai za ka kwasa, ginin na mai fili ne, kamar wanda ya yi gini a filin haya.

To amma ka duba wanda zai zo maka bayan ya shekara da irin wannan manhajar. Ya san teburansa, ya san inda take masa ciwo, ba zai ce maka ina son abu kamar Jumia amma na siminti ya tafi ya bar ka da zato ba. In matashin Tudun Wadan nan ya zo maka nan da shekara biyu da tebur huɗu tsaf, kowane biya a layinsa, farashi ba ya motsi, wannan kam ka yi masa ragin, ni zan tsaya masa. Wanda ya zo da gidan ragowar bashi da ake gogewa da hannu kuma ka caje shi son ranka, ba ruwana.